Malabo, garin da ba a fita da ƙafa

An gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, samarin Kurfai sun fara ɗaure kayan biɗa. Wasu za su Kwatano, wasu Legas, wasu Abijan ko Akara, kamar yadda iyaye suka saba tun zamanin Gwalkwas. Amma akwai wani suna da ke yawo a fada in ana shan shayi, shi ne Malabo. To, ga labarin wani magidanci na wani ƙauye tsakanin Filinge da Shikal. Ya je can, ya dawo, kuma ba ya ɓoye abin da ya same shi.

Malabo yana cikin ƙasar Gine Ekwatoriyal. Ba Gine ta Konakiri ba ce, wata ce daban. Garin yana bisa tsibirin Biyoko. Tsibiri shi ne gungu. Wanda ya taɓa zuwa gulbi wajen Tilaberi ko Ayeru ya ga gungu, ya ga yadda kwale-kwale ke kai mutum cikin ɗan lokaci. Wannan gungu ba irinsa ba ne. Ruwan gishiri ne ya kewaye shi, kuma gaɓa mafi kusa ita ce ta Kamaru, fiye da kilomita 30. Turawan Sifen suka mulki ƙasar har 1968. A da koko ne arzikinta, dubban leburorin Najeriya ke nomansa, suna ce wa wurin Fanya. Da wulakanci ya yi yawa, a 1975 da 1976, sai da gwamnatin Najeriya ta aika jirage suka kwaso mutanenta. A 1995 aka gano man fetur mai yawa ƙarƙashin teku. Gine-gine suka tashi, labarin kuɗi ya kai har Dallol. Abin da labarin bai kawo ba shi ne, tun wajen 2014 kuɗin mai ya faɗi, aiki ya ragu ƙwarai.

Mutumin namu ya tashi bayan kakar 2018. Ya saida ɗan maraƙi da awaki uku. Ya bi ta Baleyara zuwa Yamai, daga nan Gaya, daga nan Kwatano. Can wani dillali ya karɓi fasfo ɗinsa da kuɗi masu nauyi, ya dawo masa da shi da tambari a ciki, ya ce shi ke nan, hanya ta buɗe. Ya sayi tikitin jirgin sama. Da ya sauka Malabo, abin da ya rage a lalitarsa bai fi na abincin sati biyu ba. Bai damu ba. Ya yi Kumasi, ya yi Legas, ya san yadda ake yi. In gari ya ƙi ka, ka hau bayan motar goro ko ta shanu, ka yi ɗan dako a tasha, yau nan gobe can, har ka ga dutsen Filinge.

Allah ya haɗa shi da mai masauki nagari, wani dattijo Bahaushe mai saida nama da ya daɗe a garin. Daren farko dattijon ya ce a ba shi fasfo. Ya kai shi kusa da fitila, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce:

"Yaro, wa ya karanta maka wannan?"

"Ba kowa, Alhaji. An ce mini biza ce."

"Biza ce, ta baƙo mai yawon buɗe ido. Kwana 30 gare ka. Ga ranar shiga, ga ranar fita. Kuma ba ta yarda ka yi aiki ba. Kuɗin komawa fa?"

Ya yi shiru.

Nan ne duk wahalarsa ta faro. Biza daban, takardar zama daban, izinin aiki daban. Katin ɗan ƙasa na Nijar ba ya shigar da kowa can. Gine Ekwatoriyal ba ta taɓa zama cikin CEDEAO ba, ƙungiyarta ta Afirka ta Tsakiya ce, tare da Kamaru da Cadi da Gabon. Mai son zuwa ya nemi biza da kansa a ofishin jakadancin ƙasar, akwai shi a Abuja, kuma tun 2023 ana iya nema ta intanet. In ta fito, kada ya sa fasfo aljihu sai ya karanta ranakun biyu da idonsa, ko ya sa wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Lambobi ne kawai, amma su ne wuyan mutum.

Da kwana 30 suka cika, ya zama mai laifi ba tare da ya ɗauki allurar kowa ba. Ana yawan tambayar baƙi takardu bisa hanya. Sai ya koma fita da asuba, ya yi dako a kasuwar Semu, ya dawo ta lungu. Wata biyar bai je ko masallacin Juma'a da kwanciyar rai ba, ga shi kuwa garin yana da babban masallaci. Tsoronsa ba na banza ba ne. Lokaci lokaci ana samame, a 2022 ma an maida ɗaruruwan ƴan Kamaru gida, su da suke maƙwabta. Abin da ya fi ci masa rai, in ji shi, in ya hau tudu da yamma yana hango dutsen Kamaru ƙetaren ruwa, amma ba hanyar ƙafa. Ƙofa biyu ce ta fita, filin jirgi da tashar jirgin ruwa, kuma kowace sai an duba fasfo. Akwai masu kwale-kwalen dare da ke cewa za su kai mutum Kamaru ko Kalaba. Dattijon ya rantse masa in ya shiga ba shi ba shi. Teku ta ci mutane da yawa a wannan yanki, kuma ɗan Kurfai bai iya iyo ba.

Maganar kuɗi ma ta ba shi mamaki. Tun 1985 sefa suke kashewa, darajarta ɗaya da tamu, jika jika ce. Amma takardun ba iri ɗaya ba ne, mai kanti ba ya karɓar tamu, mai canji kuma sai ya gutsura. Ga tsada. Yawancin abinci da jirgi yake zuwa, daga Kamaru ko Turai. Kuɗin da ke ciyar da mutum sati a Filinge, can kwana biyu sun tafi. Hatsi babu. Abincinsu rogo, gwaza, ayaba ta dafawa, kifi da manja. Sun kuma saba cin naman daji, don haka Musulmi ya tambaya kafin ya sa hannu, ko ya tsaya wajen mahautan Hausawa. Ya ce ya yi mafarkin hura da nono ba sau ɗaya ba.

Sai ruwan sama. Mu nan wata uku muke samu, shekarar da aka dace a ga milimita 400 ko sama kaɗan. Malabo yana samun kamar huɗu ko biyar ɗin haka, daga Afrilu har Oktoba. A kudancin tsibirin, ƙauyen Ureka, ruwan shekara ya wuce milimita 10,000, wato na shekara 20 a Filinge da ɗoriya. Tufafi ba sa bushewa, tabarma tana hunhuna. A sa fasfo cikin leda a ɗaure. Inda ruwa yake haka, sauro ba ya da rani. Masassarar da muke jira da damana, can kullum tana nan. Tun 2004 ake feshin gidaje ana raba sange, ta ragu, amma ba ta ƙare ba. Mutumin ya kwanta sau biyu. A tafi da sange daga gida, in jiki ya yi zafi a je likita ranar, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Katin rigakafin shawara kuwa dole ne, ana tambayarsa wajen shiga. Allura ɗaya ce ta isa har abada, amma a yi ta kwana 10 kafin tashi.

Harshen hukuma Sifaniyanci ne. Faransanci yana ɗan taimako, wanda kuma ya yi Legas zai ji Fici, broka ɗinsu ta kasuwa. Masu ɗaukar hoto da salula su kiyaye, ba a ɗaukar fadar shugaban ƙasa, ko barikin soja, ko filin jirgi, ko tashar jirgin ruwa.

Ya yi niyyar dawowa kafin shuka. Ruwan farko ya sauka a Kurfai yana can yana ƙirga abin da ya tara, bai kai kuɗin tikiti da tarar wuce kwanaki ba. Daga ƙarshe ya buga wa wansa waya.

"Yaya, in ba a taimake ni ba, bana ma nan zan kwana."

Wan ya kora saniya ɗaya mai tatsa zuwa kasuwa. Dattijon ya cika sauran, ya raka shi har aka daidaita takardun. Ya iso gida cikin Agusta 2019, hatsi ya kai gwiwa a gonakin mutane. Tasa rabi aka shuka, da matarsa da ɗansa na fari, sauran rabin ƙarangiya.

Hanyar da ya bi ma ta sake. An rufe iyakar Gaya a 2023, Nijar kuma ta fita CEDEAO a Janairu 2025, don haka mai tafiya Kurmi ya tambaya a Yamai wace hanya ce buɗe da wace takarda ake so.

Kwanan baya wani ɗan ƙanwarsa ya zo da dare yana neman lambar dattijon. Bai hana shi ba. Ya ce:

"Zan ba ka. Amma sai na ga biza da idona, na ga katin rigakafi, na ga tikiti na zuwa da dawowa, da kuɗin wata ɗaya da ba za ka taɓa ba."

"Kawu, ai in ina da wannan duka, sai in sayi raguna in yi turka a gida."

Yaron bai dawo karɓar lambar ba tukuna. Saniyar wan kuma har yanzu ana biya, damma biyar biyar kowace kaka.