An sauya wa tuwo suna

Na san ka saba in ka buɗo wannan shafi ka tarar ina faɗa da daraktoci kan labarin da bai da ƙafa ko waƙar da aka cusa inda ba ta dace ba. A wannan watan ina neman alfarma mu jingine fim, duk da ba za mu yi nisa da shi ba, mu yi maganar ciwon suga da abin da mai shi zai ci.

Ka lura da yadda ciwo ke zuwa a finafinan mu? Alhaji ya ji mummunan labari, ya dafe ƙirji, ya faɗi. Sai asibiti. Likita ya fito ya cire tabarau, ya girgiza kai, ya ce hawan jini ne ko suga. Daga nan ko dai makara, ko a rubuto "bayan wata uku" a nuno shi ya warke sumul. Da wuya a nuna maka abin da ke tsakani, wato kwanon da matar sa ke ajiye masa sau uku a rana da gardamar da ake yi kan abin da ke cikin kwanon. Alhali a nan ainihin labarin ya ke. Kuma ciwon ba na alhazan birni ba ne kaɗai. Ya daɗe da shiga ƙauye.

Ina da kawu, wan mahaifiya ta, manomi ne a Katuru ta ƙasar Shinkafi, ya haura shekara 60. A 2022 ya fara yawan fitsarin dare da ƙishirwa, ya na ramewa ba dalili. Da aka kai shi asibiti aka gwada jinin sa da safe kafin ya karya, na'ura ta nuna 270, alhali daga 126 ma likitoci ke cewa mutum ya kamu. Aka ɗora shi kan ƙwayoyi biyu, metfomin da Daonil. Aka kuma karanto masa dokar da kusan duk mai suga a ƙasar nan ya haddace: ka bar suga, ka bar shinkafa, ka koma alkama da acca da wake.

Matar sa, Inna, ba ta yi wasa ba. Duk Alhamis sai an auno mata alkama daga kasuwar Shinkafi, a kan kuɗin da ya fi na gero, a niƙo ta luƙui, ta tuƙa masa tuwon sa daban. Shi kuwa tunda an ce magani ne, sai ya riƙa tada malmala biyu da dare, da safe ya ci ɗumame, da rana ya sha hurar sa, sai dai ba suga. Wata ya bi wata, na'ura ba ta sauko ƙasa da 200 ba.

To me ya faru? An sauya wa tuwo suna ne kawai. Ciki ba ya tambayar sunan hatsi. Gero, dawa, masara da alkama duk kusan kashi 70 cikin 100 na garin su sitaci ne, shinkafa ta ɗan ɗara su, kuma sitaci in ya narke suga ya ke zama a jini. Gaskiya ne alkamar da ba a cire wa dusa ba ta kan ɗan jinkirta hawan sugan, amma in an niƙe ta ta zama gari mai laushi, bambancin ba shi da yawa. Wani likita a garin Southport na Ingila, Dakta David Unwin, ya yi suna wajen fassara wa marasa lafiyar sa abinci da ƙaramin cokali. A lissafin sa, dafaffiyar shinkafa giram 150, wadda ba ta kai malmalar kirki ba, ta na ɗaga sugan jini kamar cokali 10 na suga. A harkar mu, wannan shi ne a canza jarumi a bar labarin yadda ya ke, sannan a yi mamakin me ya sa fim bai karɓu ba.

Ana nan a 2023 sai ɗan sa da ke karatu a Sakkwato ya zo hutu da waya cike da bidiyoyi. Ya zaunar da uban ya ce, "Baba, wannan alkamar yaudara ce. A bar tuwo gaba ɗaya, a bar hura da koko. Nama, ƙwai, mai da ganye kawai. Turawa ma haka su ke warkewa."

Kawu ya dube shi ya ce, "Ɗan nan, in na bar tuwo mi ni ka ci? Ganye kamar akuya?"

Amma da yake ya gaji da ganin lambar da ta ƙi sauka, ya yarda. Ya bar hatsi ƙaf, ya ci gaba da haɗiyar ƙwayoyin sa yadda aka rubuta. A rana ta huɗu, bayan sallar magariba, gumi ya keto masa, jiki ya hau rawa, magana ta fara sarƙewa, ya zube a zaure. Ka kuwa san halin da hanyoyin mu su ka shiga tun da 'yan bindiga su ka addabi yankin Shinkafi da Zurmi. A daren nan ba direban da zai tada mota ya nufi Ƙaura, balle Gusau. Allah ya sa akwai wani ma'aikacin lafiya a unguwar. Ya zo da na'urar sa ya gwada, ta nuna 48. Ganin har yanzu Kawu na iya haɗiya, ya ce a dama suga a ruwa a ba shi. Sugan da aka shekara ana ɓoye masa, shi Allah ya sa ya zama sanadin tashin sa.

Dalili a fili ya ke. Daonil da dangin sa su na tilasta wa jiki fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe suga daga jini, ko ka ci abinci ko ba ka ci ba. Allurar insulin ma haka. In ka janye tuwo ka bar maganin yadda ya ke, sai ya kwashe ɗan abin da ya rage. Daga ƙasa da 70 an shiga haɗari, kuma faɗuwar suga ta fi hawan sa saurin kisa. Metfomin shi kaɗai ba kasafai ya ke jawo haka ba.

Washegari gida ya rabu biyu. Inna ta ce yaro ya kusa kashe uban sa da ilimin waya, a koma alkamar likita. Yaron ya ce ai ga shi nan an gani, abin da alkama ta kasa yi a shekara, barin tuwo ya yi a kwana huɗu. Mai karatu, in ka natsu za ka ga kowannen su ya riƙe rabin gaskiya. Kuma wannan gardama ta girmi Katuru da jin ta. Likitocin duniya sun fi shekara 200 su na yin ta.

Tun a 1797 wani likitan sojan Birtaniya, John Rollo, ya rubuta yadda ya ɗora mai ciwon suga kan nama da kitse ya hana shi hatsi. Kafin a gano insulin a birnin Toronto na Kanada a 1921, rage abinci shi ne kusan duk abin da likita ke da shi. Dakta Frederick Allen na Amurka har horon yunwa ya ke yi wa marasa lafiya don su ƙara 'yan watanni. Da magani ya samu, kuma daga baya tsoron kitse da ciwon zuciya ya shigo, sai shawara ta karkata ga a rage mai, a ci hatsi daidai gwargwado. Mu reshen wannan shawarar ne ya iso mana, ya zama "ka ci alkama". Amma a 2019 ƙungiyar masana ciwon suga ta Amurka ta fitar da matsaya cewa rage yawan sitaci shi ne ya fi kowace dabarar abinci hujja wajen saukar da sugan jini, tare da cewa babu tsarin abinci guda da ya dace da kowa. Ka ga ashe faɗan bai kai yadda masu bidiyo ke zuzuta shi ba.

Bari in ɗan koma fage na. Akwai wani fim na bayanin gaskiya mai suna The Magic Pill da ya fito a 2017, wanda ke tallar cin kitse da barin sitaci. Har ya nuno shari'ar Farfesa Tim Noakes na Afrika ta Kudu, wanda hukumar kula da aikin lafiya ta ƙasar sa ta tuhuma kan wata shawarar abinci da ya bayar, aka wanke shi a 2017. A 2018 shugaban ƙungiyar likitocin Ostireliya ya nemi Netflix ta cire fim ɗin, ya ce zai cutar da marasa lafiya. Ni abin da na gani da idon mai sharhi shi ne aikin edita. An zaɓo waɗanda abin ya yi wa kyau, an sa masu kiɗa mai taushi, an haska fuskokin su su na murmushi. Wanda ya gwada ya gaji ya bari, da wanda ya zube a zaure, ba a gayyace su lokeshin ba. Bidiyoyin cikin wayar ɗan kawu na ma haka aka yanka su.

Su kuwa masu bincike ba su da edita. A 2021 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara gwaje-gwaje 23, ta ga masu rage sitaci sun fi samun sauƙi a wata shida na farko, amma zuwa shekara guda ratar ta ragu, domin riƙe tsarin na da wuya. Wani gwajin da aka yi a Birtaniya, wanda Farfesa Roy Taylor da Farfesa Mike Lean su ka jagoranta aka buga a 2017, ya nuna mutum 46 cikin 100 sun samu ciwon ya lafa ba magani bayan shekara guda. Sai dai su rage ƙiba su ka yi ta hanyar rage abinci baki ɗaya, kuma duk masu jiki ne da ba su wuce shekara shida da kamuwa ba. Kawu na siriri ne kamar sillen kara. Wace ƙiba zai rage?

Sannan ga maganar aljihu. Mai bidiyo na Landan ya buɗe firij ya ɗauko nama da cuku. Manomin Katuru rumbu zai buɗe, gero da dawa ne a ciki. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, gida nawa ne a ƙauyukan mu ke iya nama kullum? Amma fa ba hannu rabbana mu ke ba. Mu na da zogale, rama, tafasa da yakuwa. Mu na da ƙuli-ƙuli. Ai gyaɗar yankin nan na cikin kayan da jirgin ƙasa ya riƙa kwasa bayan layin dogo ya iso Ƙaura Namoda a 1929. Kwaɗon zogale da ƙuli, in ba a zuba masa suga ba, abinci ne da ba ya tada na'ura sosai kuma ya na riƙe ciki. Ga awara, ga ƙwan zabi da damina, ga busasshen kifi, ga nono tsagwaron sa, ga miyar kuka da kuɓewa. Wake na da sitaci, amma a hankali ya ke sakin sa. Abin da mu ka raina mu ke kira cimar talaka, shi ake sayar wa Bature da tsada.

Yadda aka ƙare a gidan Kawu shi ne an koma wurin likita, wannan karon da littafi. An rubuta abin da ya ci da lambar da na'ura ta nuna da safe da kuma awa biyu bayan abinci. Likitan bai yi faɗa ba. Ya duba ya ce, "Baba, ba na ce ku bar tuwo ba, kuma ba na ce ku cika ciki da alkama ba." Ya rage Daonil, ya zana masa faranti: rabi ganye, kwata wake ko ƙwai ko kifi, kwata tuwo, na kowane hatsi ne. Aka daina sayen alkama, aka koma dawar rumbu, rabin malmala da miya mai yawa. Hura ta koma ɗan ludayi cikin nono. Abin da ya fi ba shi wuya shi ne barin kwanon tarayya a ƙofar gida, domin mutum ba ya sanin abin da ya ci in hannu biyar na shiga kwano ɗaya. Bai warke ba, ya na shan magani har gobe, amma lambar safe ta dawo tsakanin 130 da 150, ya koma gonar sa.

Don haka, mai karatu, in kai ne ko wani naka, ga abin da zan ce. Rage tuwo dabara ce ta gaske, ba tatsuniya ba ce, amma ƙarfin ta ne haɗarin ta. Kamar yadda mai suga ke zuwa wurin likita kafin azumin Ramadan a gyara masa lokaci da yawan magani, haka ya kamata ya je kafin ya taɓa kwanon sa. Mai allurar insulin, mai juna biyu, yaro ƙarami da mai ciwon ƙoda, kada su gwada da ka. In gumi da rawar jiki su ka zo, a ba da suga nan take matuƙar mutum na iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai, a nemi ma'aikacin lafiya. In da hali a haɗa kuɗi a sayi na'urar gwaji, ko da gida uku ne su yi tarayya, sai dai kowa da allurar sa. Gani ya kori ji. Ita ce za ta raba gardama tsakanin Inna da ɗan ta.

Ku kuma likitocin mu, mun san layi na da tsawo, lokaci kaɗan ne. Amma in kun ce "alkama", don Allah ku ƙara da "malmala nawa". Ku kuwa marubuta da daraktoci, ga labari nan kyauta: miji, mata, ɗa ɗan boko da kwano guda. Akwai soyayya a ciki, akwai rikici, kuma ba sai an je Abuja ɗaukar sa ba.

Allah ya ba marasa lafiyar mu lafiya, ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, mu koma kan finafinai.