Kwana biyar da allon rada

Litinin, Bebeji. Na dawo gida da aikin da ya hana ni barci: zanen layukan da za su raba sigina ga ƙananan eriya takwas na rada. Irin wadda ake gani a filin jirgin sama juyi take kamar fanka. Tawa a kafe za ta tsaya, ta karkata dubanta ta hanyar jinkirta siginar kowace eriya kaɗan-kaɗan. Babu wuta, kwamfuta ta mutu kafin la'asar.

Talata, Tiga. Kawu ya kai ni bakin dam ɗin da aka gina zamanin Audu Bako. Da na zana masa aikin a ƙasa, ɗaya ya rabu biyu, biyu huɗu, huɗu takwas, sai ya yi dariya. "Ai rabon ruwa ne, ɗana. Na gaba ya ƙoshi, na ƙarshe ya yi ta Allah ya isa." Na ce, "Kawu, da ma a nan ta tsaya." Shinkafa ba ruwanta idan ruwa ya makara da awa guda. Ni kuwa a gigahaz 10 nake aiki, tsawon zangon sigina santimita 3 ne a iska. Milimita ɗaya ta ƙaru a layi, an kauce da digiri 12, a kan allo ma ya fi haka.

Laraba, Kwanar Dangora, Kiru. A rufin wani shago na ga farantin Starlink, wanda ya shigo Najeriya a 2023. Shafal yake kamar faifai, amma ɗaruruwan eriya ne a ciki suna bin tauraron ɗan'adam. Mai shagon ya ce shi dai ya san data.

Alhamis, Tudun Wada. Na raɓa da janaretan wani mai injin casar shinkafa. Mararrabai bakwai na yi irin na Wilkinson, dabarar 1960: layin om 50 ya rabu biyu masu om 70.7, rizisto mai om 100 a tsakani don kada abin da ya dawo daga wannan reshe ya kwarara ɗancan. Ƙarfi ya rabu daidai, amma duban ya karkace. Ashe layin eriya ta shida ne, wata kwana da na yi masa ta ƙara milimita biyu. Ƙaiƙayi duk ya cika min madannai.

Juma'a, Doguwa. Mun ratsa dajin Falgore zuwa ɗaurin aure. A mota na zana gyaran a bayan katin gayyata: in miƙe na shida, ko in lanƙwasa sauran bakwai su jira shi. Wurin bai isa a miƙe ba. Bakwai ɗin zan lanƙwasa.