Wa Ke Ba Gara Umurni?

A zangon da ya wuce aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar firamare kusa da garinmu Bahuli, a ƙasar Mubi. Ran nan darasin aji biyar ya faɗo a kan ƙwari masu zaman tare, watau gara da tururuwa da ƙudan zuma. Na shirya sosai, na cika allo da rubutu. Na gaya wa yara cewa kowane suri yana da sarauniya, ita ce ke ba da umurni, ta ce a gina nan, a rushe can, sauran kuwa su bi. Haka aka koya mini a makarantar mishan, haka kuma na zuba musu.

Sai wani yaro daga bayan aji ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, mun taɓa fasa suri da babana, mun ga sarauniyar. Tana cikin wani ɗan ɗaki na laka, ta yi ƙiba, ko motsi ba ta iyawa. Yaya ta ke sanin inda ruwa ya rushe a waje?" Yara suka yi dariya. Ni kuwa ba ni da amsa, kunya ta kama ni, sai na daka masa tsawa, na ce ya zauna ya kwafi abin da ke kan allo. Ya zauna. Har sati ya ƙare bai sake ɗaga hannu ba.

Abin ya dame ni ƙwarai. Da na komo kwaleji na shiga bincike, ashe tambayar yaron ita ce ta daɗe tana wahalad da manyan masana. A 1959 wani Bafaranshe, Pierre-Paul Grassé, ya bayyana abin da ya gani wajen ginin gara. Ɗaya takan ɗora ɗan curin laka da ta kwaɓa da yawunta, ta wuce. Wata ta zo ta tarad da shi, ta ɗora nata a kai. Da haka ginshiƙi ke tashi, har ya haɗu da na kusa da shi. Aikin da aka riga aka yi shi ke nuna wa mai zuwa abin da za ta yi. Sarauniya kuwa babban aikinta saka ƙwai. Yaron nan ya fi ni gaskiya.

Bayan shekara talatin, a 1989, Jean-Louis Deneubourg da abokan aikinsa a birnin Burasal na ƙasar Beljiyam suka yi wani gwaji mai sauƙi. Suka sa hanya biyu tsakanin gidan tururuwa da abinci, ɗaya gajera, ɗaya doguwa. Kowace tururuwa tana barin wani ɗan wari a inda ta bi. Waɗanda suka bi gajeriyar hanya su ke fara komowa, don haka warinta ya fi saurin taruwa, na baya kuma su bi inda wari ya fi ƙarfi. Kafin an jima yawancinsu sun koma gajeriyar hanya, ba tare da wata ta auna tsawon hanyoyin ba.

To, abin mamaki shi ne inda wannan ilmi ya kai. A 1992 wani Ba'italiye, Marco Dorigo, ya rubuta littafin digirinsa na dakta a birnin Milan, inda ya koya wa kwamfuta wannan dabara ta tururuwa, don ta nemo gajeriyar hanyar zaga garuruwa masu yawa. Daga baya aka yi amfani da ita wajen tsara hanyoyin motocin ɗaukar kaya. Haka kuma Karl von Frisch, wanda ya gano cewa ƙudan zuma kan yi wata irin rawa a cikin amya don ta nuna wa 'yan'uwanta wajen da furanni su ke da nisansu, ya sami kyautar Nobel a 1973. Ku duba fa, daga kallon ƙwaro aka kai ga lissafi da aikin injiniya.

Da na je hutu na ba kakana wannan labari, ina tsammanin zai yi mamaki. Ya ce, "Jikana, sai yanzu ka sani? Jeka ka goga yatsa a kan hanyar ƙananan tururuwan nan da ke bin bangon rumbu." Na goga. Nan da nan layi ya tsinke, suka yi ta dawurwura a wurin, sai da aka ɗan jima suka sake haɗa hanya. Tsohon nan bai taɓa shiga aji ba, amma shekarunsa duka yana kare dawarsa daga gara da tururuwa, ya san halinsu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne a duwatsun nan namu na Mandara. A hayin iyaka, cikin ƙasar Kamaru, akwai Mofu, waɗanda ke kiran kwarkwasa da suna jaglavak. In gara ta shiga gida, dattawansu kan ɗebo kwarkwasa su kawo, su roƙe ta da ladabi ta kore musu gara. Wani masani Bafaranshe, Christian Seignobos, da abokan aikinsa sun rubuta wannan a 1996, har aka yi fim a kansa. Baƙo ya zo daga nesa ya zauna ya saurari maƙwabtanmu, ni kuwa ɗan ƙasa na hana yaro magana a cikin aji.

Kafin hutu ya ƙare na koma makarantar nan, na roƙi hedimasta ya ba ni aji biyar na rabin awa. Na fitad da su waje, muka tsuguna a gindin bango, kowa ya goga yatsa ya gani da idonsa. Sa'an nan na kira yaron a gabansu, na ce tambayarsa daidai ce, ni ne ban san amsa ba. Ya sunkuyad da kai yana murmushi. Kafin a kaɗa ƙararrawa ya sake jefo mini wata: in ruwan sama ya wanke warin, yaya su ke komawa gida? Na ce mu sa ido tare in damina ta faɗi.

'Yan'uwana ɗalibai, ba da daɗewa ba kowannenmu zai riƙe aji nasa. Makarantun ƙauyukanmu da yawa ba su da ɗakin gwaje-gwaje, amma da wuya a sami wadda ba ta da suri ko ramin tururuwa a kusa. Gani ya kori ji. In yaro ya tambaye ku abin da ba ku sani ba, ku gaya masa gaskiya, ku fita tare ku duba. Allah ya ba mu haƙurin yin haka.