Jitar da Ta Gina Ɗaki a Tamanrasset

A ƙasar Hausa, idan yaro ya ɗauki kalangu ko molo, sau da yawa mahaifinsa yakan ɓata fuska. Yakan ce kiɗa roƙo ne, mai kiɗa kuma ba ya tara kome sai suna. Ba a ga laifin uban ba, gama ya sha ganin makaɗan da suka yi tashe suna samari, suka tsufa ba su da ko akuya. Amma akwai wani makaɗi a birnin Tamanrasset wanda labarinsa ya isa uba da ɗa su zauna su ji shi tare.

Tamanrasset tana kudancin Aljeriya, a gindin duwatsun Hoggar, nisan kusan kilomita 2,000 daga Aljas babban birnin ƙasar. Wanda ya tashi daga Agadas ya bi ta Arlit da Assamaka, ya ƙetare iyaka a In Guezzam, saura masa tafiyar kilomita 400 ya isa. Fataken Nijar sun daɗe da sanin wannan hanya, ana kuma jin Hausa a kasuwannin garin. Asalinsa garin Abzinawa ne. A nan Iyad Moussa Ben Abderahmane ya girma, wanda kowa yake kira Sadam. Wajen shekara ta 2006 shi da abokansa na unguwa suka fara kaɗa jita tare, suka sa wa ƙungiyarsu suna Imarhan, wato waɗanda mutum yake ƙauna.

Ba su ne suka fara wannan kiɗa a garin ba. Farin da aka yi a 1973 da 1974, da wanda ya biyo baya a 1984, sun kashe dabbobin makiyaya a arewacin Mali da Nijar. Samari da yawa suka gangaro Tamanrasset neman aikin lebura, mafi yawansu kuwa ba su samu ba. Aka riƙa kiransu ishumar, daga kalmar Faransanci da take nufin marar aikin yi. Cikinsu akwai Ibrahim Ag Alhabib, wanda aka kashe mahaifinsa a tawayen arewacin Mali na 1963, shi kuwa yana ƙaramin yaro. Jitarsa ta fari da hannunsa ya yi ta, da gwangwani da sanda da wayar birkin keke. Wajen 1979 ya sadu da Alhassane Ag Touhami da Inteyeden Ag Ableine a Tamanrasset, suka riƙa yin wasa a wuraren biki. Daga nan ƙungiyar Tinariwen ta samo asali.

Akwai wata al'ada tasu da ta kamata mai karatu ya lura da ita. A shekarun 1980, duk wanda ya kawo musu kaset wanda ba kome a ciki, sai su ɗauka masa waƙoƙinsu kyauta. Ɗan kasuwa zai ce wauta ce. Amma kaset ɗin nan suka bi motocin kaya da ayarin raƙuma, wannan ya kwafa ya ba wancan, har sunansu ya kai Kidal da Agadas da Sabha tun ƙafarsu ba ta kai wasu wuraren ba. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ba su sami kuɗi ba a lokacin, amma sun sami jama'a.

Jama'ar nan ce ta buɗe musu ƙofa daga baya. A ƙarshen shekarun 1990 suka sadu da wata ƙungiyar makaɗa ta Faransa mai suna Lo'Jo a Bamako. Abuta ta ƙullu, Faransawan suka gayyace su ƙasarsu, sa'an nan suka haɗa kai suka shirya Bikin Hamada na fari a Tin Essako, a yankin Kidal, cikin Janairu 2001. A shekarar nan kuma faifansu na fari da ya shiga kasuwannin duniya ya fito, wanda aka ɗauka a gidan rediyon Tisdas na Kidal. Manny Ansar, wanda yake lura da harkokin ƙungiyar, ya zama shugaban bikin. Ga shi, daga waƙa an sami aikin shirya taro, da aikin direbobi, da masu dafa abinci, da masu kafa tanti. A 2012 Tinariwen ta karɓi lambar yabo ta Grammy a Amurka saboda faifanta mai suna Tassili.

Wani yaro daga Nijar ma ya sha ruwan Tamanrasset. Omara Moctar, wanda duniya ta sani da suna Bombino, an haife shi a 1980 a yankin Agadas. Sa'ad da tawaye ya tashi a 1990 iyalinsa suka gudu zuwa Tamanrasset wurin dangi, a can ne kuma ya fara taɓa jita. Bai dogara ga jita kaɗai ba. Ya yi kiwo a Libiya, da ya koma Agadas kuma ya yi aikin ja-gorar baƙi masu yawon buɗe ido. Ayyukan biyu suka riƙa taimakon juna, gama baƙon da ya nuna wa hanya da rana shi ne mai sauraron waƙarsa da dare. A 2006 shi ne ya yi wa 'yar wasan fim ta Amurka Angelina Jolie ja-gora a yankin. Daga baya wani mai shirya fim, Ron Wyman, ya ji kaset ɗinsa, ya bi sawunsa har Wagadugu inda yake gudun hijira. Fim ya fito, faifan Agadez ya biyo baya a 2011, a ƙarshe ya zama ɗan Nijar na fari da aka sa sunansa cikin masu takarar Grammy.

Sadam ya tashi yana jin waɗannan labarai, yana kuma da wata gata. Eyadou Ag Leche, mai kaɗa jita mai kaurin murya a Tinariwen, ɗan'uwansa ne. Amma dangantaka takan kai mutum bakin ƙofa ne kawai. Da akwai lokacin da Ibrahim ya tsaya a gida bai bi ƙungiyar zuwa ƙasashen waje ba, aka nemi wanda zai tsaya a gurbinsa, aka ɗauki Sadam. Ba ƙaramin kaya ba ne saurayi ya tsaya a inda dattijon da ya kafa ƙungiya yake tsayawa. Ya riƙe amanar, ya bi dattawan nan gari gari a Turai da Amurka. A wannan tafiya ya ga abin da ba a gani daga cikin taron masu kallo: yadda ake shirya sauti kafin wasa, yadda ake ƙulla yarjejeniya da kamfani, da yawan mutanen da suke cin abinci a bayan mawaƙi guda.

A 2016 faifan Imarhan na fari ya fito ta hannun kamfanin City Slang na Jamus. Eyadou ne ya tsara musu shi, wato makaɗin ya sami sana'a ta biyu, ta mai tsara faifan wasu. Faifai na biyu ya fito a 2018, suka sa masa suna Temet. A harshen Tamashek kalmar tana nufin dangantaka, abin da yake haɗa mutum da mutum. Da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da hanyar da suka biyo.

A nan ne mutane da yawa sukan yi kuskure. Wanda ya sami shiga Turai yakan nemi ya zauna can, ya manta da unguwar da ta koya masa kiɗa. Sadam da abokansa suka dubi garinsu suka ga abin da ya rasa. Tamanrasset ta haifi kiɗan da ake ji a duniya, amma ba ta da ɗakin ɗaukar sauti na ƙwararru ko ɗaya. Duk yaron da yake so a ɗauki waƙarsa da kyau sai ya nemi kuɗin tafiya mai nisa, ko biza wadda ba kowa yake samu ba. Sai suka ɗauki abin da suka tara, da ilimin da suka samo, suka gina ɗaki a garinsu. Suka kira shi Aboogi, sunan irin bukkokin da kakanninsu makiyaya suka riƙa kafawa sa'ad da suka fara zama wuri ɗaya. A cikinsa suka ɗauki faifansu na uku, wanda ya fito a Janairu 2022 da wannan suna.

Waɗanda suka sa murya a faifan nan sun nuna irin zumuncin da aka ƙulla cikin shekaru. Akwai Abdallah Ag Alhousseyni na Tinariwen. Akwai Mohamed Ag Itlale, wanda ake kira Japonais, tsohon mawaƙi mai hikima, wanda ya rasu a 2021 kafin faifan ya fito. Akwai Sulafa Elyas, mawaƙiya daga Sudan, da Gruff Rhys daga yankin Wales na Birtaniya, wanda ya rera da harshensa. Da can su ne suke zuwa ɗakunan mutane. Yanzu suna da nasu da za su gayyaci wasu.

Sa'an nan abu ya juyo. Da Tinariwen ta tashi ɗaukar faifanta Amatssou, wanda ya fito a 2023, sai ta kafa tanti a hamada kusa da Djanet, a gabashin Tamanrasset. Kayan ɗaukar sautin da aka yi aiki da su daga ɗakin Aboogi aka aro su, Hicham Bouhasse na Imarhan kuma ya yi musu kiɗa. Dattawan da suka riƙe hannun Sadam jiya, ga shi yau sun sami biyan bukata a gidansa.

Kada mai karatu ya ɗauka hanyar nan shimfiɗaɗɗiya ce. A 2003 aka sace Turawa 32 masu yawon buɗe ido a hamadar Aljeriya, baƙi suka ja baya, masu aikin ja-gora suka shiga wahala. A tawayen Nijar na 2007 an kashe biyu daga cikin abokan kiɗan Bombino. A 2012 masu ɗauke da makamai suka hana kiɗa a arewacin Mali, Bikin Hamada kuma ya tsaya. A 2020 annobar korona ta rufe wuraren wasa a ko'ina. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya karya wanda ya tsaya da ƙafa ɗaya. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda suke da wata sana'a a gefe, da mutanen da suka yarda da su.

Don haka uban da yake tsoron molo yana da gaskiya rabi. Murya takan dushe, tashe yakan wuce. Abin da ya kamata ya tambayi ɗansa shi ne, me yake koya a gefen kiɗan, da su wa kuma yake tafiya. Yaron da yake kaɗa ganga a ƙungiyar mawaƙa a Zariya ko Maraɗi yana iya koyon haɗa lasifika da gyaran na'ura. Yarinyar da take rera waƙa a biki tana iya koyon lissafin kuɗin ƙungiya, ko koyar da na bayanta. Duk wanda aka gamu da shi a wurin wasa, ko direba ne ko mai ɗaukar hoto, a riƙe shi da mutunci, gama zumunta a ƙafa take. A cika alkawari, a zo kan lokaci, a mayar da kayan aro yadda aka karɓe su. Da irin waɗannan ƙananan abubuwa ne akan ba saurayi gurbin dattijo.

Ibrahim ya fara da gwangwani da wayar birki a ƙasar da ba tasa ba. Bayan shekara fiye da 40, yaron Tamanrasset mai waƙa a baki ba sai ya ƙetare teku kafin a ɗauki muryarsa ba. Akwai ɗaki a garinsu, makaɗa ne kuma suka gina shi.