Sayen Tsohon Jirgin Ruwa a Tunga

Idan aka ambaci garin Lafiya, abin da yakan fara zo wa mutum a rai shi ne doya da riɗi da agushi. Ba kasafai ake tuna jirgin ruwa ba, domin kuwa garin ba a bakin babban kogi yake ba. Sai dai duk wanda ya ɗauki hanyar Obi, ya wuce Awe garin gishiri, zai je ya tarar da Tunga a gaɓar Kogin Binuwai, inda jirgi yake tsaya wa magidanci a matsayin jaki da keke da mota gaba ɗaya. Mu a Lafiya muke zaune, amma gidanmu na gado yana can, gonar shinkafarmu kuma tana tsallaken ruwa, haka nan 'yan'uwan mahaifiyata.

Ɗalibin harshe zai so ya lura da cewa kalmar jirgi tun asali ta ruwa ce. Da na dogo ya iso Kano a 1911 sai Bahaushe ya ara masa sunan, ya ce jirgin ƙasa, daga baya aka sami na sama. Yanzu mai sunan na ainihi shi ne sai an ƙara masa "ruwa" kafin a gane shi. A bakin Binuwai kuwa har yau idan ka ce jirgi ka gama magana.

Jirgin gidanmu na farko ambaliyar 2022 ce ta tafi da shi, shekarar da aka yi ruwa mai yawa, aka kuma saki na madatsar Lagdo da ke Kamaru. Da daddare ruwa ya tsinke igiyar, gari ya waye babu jirgi babu labarinsa. Daminar 2023 gaba ɗaya da kuɗin fito muka yi noma. A biya na zuwa, a biya na dawowa, a biya na taki, a biya na kowane buhun shinkafa, ga jiran mai jirgi har rana ta take. Da aka yi lissafi bayan girbi, sai mahaifina da ƙanensa, wanda muke kira Baffa, suka ga babu makawa sai an sayi wani. Kuɗin sabo ya fi ƙarfinmu, saboda katako ya yi tsada, don haka aka tsayar da shawara a kan na hannu. Ni aka haɗa da Baffa da babban ɗansa a ranin 2024, aikina shi ne riƙe kuɗi da rubutu.

Kafin mu bar gida Inna ta kafa sharaɗinta. Ta ce jirgin da za a saya ba na buhu kaɗai ba ne, a cikinsa za ta riƙa kai jikokinta suna da biki a tsallake, saboda haka ba ta son siririn nan na masunta da ke rawa idan yaro ya yi atishawa. Tana da hujja. A watan Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi ta Jihar Kwara, suna dawowa daga biki da daddare. A watan Agusta na shekarar kuma wani jirgi ya kife a Arikiya, cikin ƙaramar hukumarmu ta Lafiya, mutum 12 suka rasu. Tun daga lokacin Inna ba ta jin labarin kogi sai ta ajiye abin da take yi.

Jiragen da ake samu iri biyu ne. Akwai na sassaƙa, wanda ake fafe gungumen itace guda a yi shi, akwai kuma na katako, wanda ake jera alluna a haɗa da ƙusa, a toshe tsakaninsu da auduga ko tsumma, a bi da kwalta. Na sassaƙa ya yi ƙaranci, domin manyan itatuwan maɗaci da kawo da ake yin sa da su sun ja baya a dajinmu, kuma idan ya tsage a tsaye gyaransa sai dabara. Na katako kuwa allon da ya lalace ake cirewa a sa wani. Wani ya ba mu shawarar mu leƙa Loko, wai tun da aka buɗe gadar da ta haɗa garin da Oweto a 2023 masu fito ba za su rasa na sayarwa ba. Baffa ya ce waɗancan manya ne na dakon kaya, ba su tafiya sai da inji, ga kuma wahalar hauro da su har Tunga. Muka tsaya a gida.

Abin da ya fi komai amfani a wannan tafiya shi ne wani tsohon kafintan jirgi da Baffa ya ɗauko, aka yi masa alkawarin ɗan abin goro ko an saya ko ba a saya ba. Bai zo da komai ba sai guduma ƙarama da wuƙa. Jirgin farko da dillali ya nuna mana ya sha sabon fenti shuɗi, an rubuta masa kirari a gefe, har ɗan Baffa ya fara cewa ai an gama. Tsohon bai ko dubi fentin ba, ya ce a jawo shi kan yashi a kife. Dalilin da ya sa ake sayen jirgi da rani ke nan, lokacin da ruwa ya janye, yashi ya fito, ana iya ganin cikinsa da bayansa. Ya bi allunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako yakan amsa da ƙara mai kaifi, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum kamar an bugi kabewa. Da ya zo kusa da goshin jirgin ya danna bakin wuƙa, sai ta shige kamar a cikin dafaffen rogo.

Dillali ya ce, "Haba Baba, wannan ai ɗan wuri ne, kwano kaɗan za a lafta masa."

Tsohon ya ce, "Yaro, kwanon da ka gani a can baya ma haka aka ce da shi. Ɗaga shi mu ga abin da yake rufewa."

Ba a ɗaga ba, mu ma ba mu tsaya ba.

A na biyu ya nuna mini jan layin tsatsa da ke gangarowa daga kan kowace ƙusa. Ya ce ƙusar da ta yi wannan hawaye ta cinye daga ciki, allo yana nan lafiya amma abin da ke riƙe da shi ya tafi, ranar da aka yi lodi aka haɗu da igiyar ruwa sai ya buɗe. Ya kuma ce in riƙa tsoron sabuwar kwalta a jikin tsohon jirgi, musamman idan wuri ɗaya aka tara ta. Ba wai faci ne abin ƙi ba, domin babu tsohon jirgin da ba shi da faci, kuma wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Facin da mai shi ya nuna maka da hannunsa daban, wanda ka gano da kanka daban.

Na uku ba shi da kyan gani ko kaɗan. Rana ta ƙoɗe shi, tsakanin allunansa har haske ake hangowa. Amma faɗinsa ya yi, ƙasansa shimfiɗaɗɗe ne, katakon kuma maɗaci ne, guduma tana tashi a kansa. Tsohon ya ce wannan buɗewar ta zaman tudu ce, katako ya bushe ya tsuke, idan ya sha ruwa zai kumbura ya rufe bakinsa. Aka tura shi ruwa ya kwana biyu yana jiƙa, aka kwashe ruwan cikinsa tas da yamma, muka dawo da asuba. Abin da ya taru bai kai a jiƙa idon sawu ba. Daga nan aka loda masa buhunan yashi daidai nauyin mutum 10, tsohon ya auna abin da ya rage tsakanin ruwa da bakin jirgi, ya sami fiye da taƙi guda. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a wurin, ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, ranar da ruwa ya taɓa wannan layi, ko surukarka ce a gaɓa ta jira sawu na biyu." Daga baya da fenti muka bi layin.

Ciniki bai yi tsawo ba. Baffa ya taya, mai jirgi ya ce albarka, aka cire kuɗin alluna biyu da tsohon ya ce a sauya, aka ƙara kaɗan ya sallama, dillali ya karɓi la'adarsa. Inda aka daɗe shi ne wajen shaida. Bayan kowace ambaliya jirage sukan ɓalle su gangara, wani ya tsinta a ƙasa ya shafa musu fenti ya sayar, kuma mu da namu ya tafi haka ba mu son ranar da wani zai zo ya ce wannan nasa ne. Sai da muka je gaban sarkin ruwa, Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ka shaida mana." Ya tambayi wanda ya ƙera jirgin da shekarar da aka ƙera shi, aka kawo mutum biyu da suka san shi a hannun mai shi, sannan na rubuta takarda kowa ya sa hannu.

Batun inji kuwa ba mu ko tayar da shi ba. Ƙaramin Yamaha na hannu ya fi jirgin kansa tsada, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 masu injin ma suna kashe shi a tsakiyar ruwa su ɗauki filafili. Mun koma ga dabarar da kakanninmu suka sani. Aka farke buhunan taki guda shida aka ɗinke su wuri ɗaya, aka kafa gora a gaban jirgi aka ɗaura. A gidanmu buhu kawai muke ce masa, a ce ɗaga buhu ko sauke buhu. Binuwai daga gabas yake gangarowa zuwa Lakwaja, iskar damina kuwa daga kudu maso yamma take busowa, wato tana tura jirgi ya haura ruwa a daidai lokacin da ruwan ya fi ƙarfi, gwangwala kuma ba ta taɓa ƙasa. Da hunturu sai iskar ta juya. A ganina wannan ya fi inji dacewa da tafiyar iyali, don ba ya gudu, ba ya ƙara, mata suna hira yara suna ƙirga tsuntsaye. Haɗarinsa ɗaya ne, hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas ba sallama. Shi ya sa Baffa bai yarda a ƙulle igiyar buhu ba, a hannu ake riƙe ta, da an ga gabas ta yi baƙi a sake ta a nufi gaɓa.

Ragowar kuɗin Inna ce ta karɓe su. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare da shiga jirgi babu rigar kariya, amma a ƙananan mashigai irin namu babu mai tsayawa ya duba. Inna ta aika aka sayo riguna shida, huɗu na yara biyu na manya, ta ce sauran a cika su bayan girbi. A ɗakinta suke rataye, kuma duk mai son jirgi sai ya biyo ta wurinta ya karɓa. Maƙwabta sun yi ta yi mana dariya a farkon damina, wai mun zama Turawa. Zuwa watan Satumba, da ruwa ya cika ya shafe yashin da muka kife jirgin a kansa, matar maƙwabcinmu ta aiko a ara mata biyu na yara za ta kai su suna.