Kunnena na Hagu

Waɗanda muke kwaya tare sun san kullum a ƙarshen benci nake zama, kusa da taga. Ba don shan iska ba ne. Tun ina aji biyu a sakandare kunnena na hagu yake zubar da ruwa mai wari, shi ya sa ba na son kowa ya zauna ta wannan gefen. Shekara bakwai ina cusa auduga, ina jawo ɗankwali ya rufe.

Babu abin da Mama ba ta gwada ba. An ɗiga ruwan albasa, an ɗiga man zaitun da aka yi wa addu'a, mun sayi maganin ɗigawa a kemis ba adadi. Ruwan ya ɗauke sati biyu, ya dawo. Ciwo kuwa babu sosai, wannan ne ma ya yaudare mu. Sai wata Lahadi muna tsaye cikin sujada jiri ya kwashe ni, na dafe bango. Daga asibiti a nan Mashi aka tura mu Katsina, wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Ya zuƙe mugunyar, ya leƙa, ya sa aka yi mini gwajin ji da hoton siti sikan.

Sunan abin kolestiyatoma. Da Baba ya ji sunan sai ya tambaya a hankali, "Likita, daji ne?" Likita ya ce a'a, fata ce kawai ta shiga inda ba wurinta ba. Dodon kunne yakan lotsa ciki ya zama kamar aljihu, matacciyar fata ta yi ta taruwa a ciki, ƙunshin yana girma yana cin ƙashin da ke kewaye da shi. Akwai ƙananan ƙasusuwa 3 a tsakiyar kunne masu kai sauti ciki, nawa ɗaya ya riga ya cinye. Jijiyar da ke motsa fuska ta nan take bi, gaɓar da ke hana mutum jiri tana kusa, ƙwaƙwalwa kuma siririn ƙashi ne tsakaninta da wurin. Idan an bar shi yana iya kai ga shanyewar rabin fuska ko sanƙarau. Maganin ɗigawa yana rage mugunya, amma ba ya fitar da ƙunshin. Sai tiyata.

Ya faɗa mini gaskiya, ban so ji ba. Manufar aikin ita ce kunnen ya bushe, ya daina zama barazana. Dawowar ji tana iya samuwa, tana iya ƙi. Yawanci ta bayan kunne ake yankawa. Abin yana iya sake tsirowa, don haka wasu sai an sake buɗewa bayan wata 6 zuwa shekara. Ya rubuta mana takarda zuwa Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, su za su tsai da magana.

A mota muna dawowa ban yi tunanin mutuwa ba. Fuskata na yi ta tunani, da kwaya. Ina jin kunyar faɗa, amma haka ne.

Wata uwa a ikilisiya, wadda na san tana ƙaunata, ta riƙe hannuna ta ce, "'Yata, kada ki bari a sa miki wuƙa. Ki yi azumi, ina bangaskiyarki?" Maganar ta hana ni barci kwana uku. Na soma zargin kaina. Matar fasto ce ta zaunar da ni a ɗakin girkinta, ta ce in buɗe 2 Sarakuna sura 20. Hezekiya ya yi kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Na sha karanta wurin, ban taɓa lura da ɓauren ba. Na ce, "Mama, ke nan ba zunubi ba ne in je Kaduna?" Dariya ta yi, ta miƙo mini wuƙa in yanka mata albasa.

Ba zan ce tsoro ya tafi ba. Wani dare addu'ata ba ta wuce "Ya Uba, ka gani" ba. Amma na daina ɓoyewa. Yanzu kafin wanka nakan shafa Vaseline a auduga in toshe kunnen, gama an hana ruwa shiga. Na yar da tsinken ashana da gashin kaza. Ina da ɗan littafi na tambayoyin da zan yi wa likita: kwana nawa zan yi a gado, yaushe zan iya shiga mota zuwa gida, yaushe zan koma waƙa. Baba ya sayar da awaki biyu, zumuntar mata sun yi karo-karo ba tare da na roƙa ba.

Ran Lahadin da ta wuce na faɗa wa 'yan kwaya komai, har warin. Ƙanwar da ke rera murya ta biyu ta taso ta zauna ta haguna, ta ce, "Yaya, matsa." Ban ji rabin abin da ta rera ba.

Idan akwai ƙaninku ko ƙanwarku da kunnensa ya daɗe yana ruwa mai wari, ku kai shi likitan kunne ya leƙa, kada ku jira jiri kamar ni. Ran Talata da asuba za mu kama hanyar Kaduna ni da Baba. Ku tuna da mu a addu'a, da hanya, da likitocin, da Mama da za mu bari a gida.