Minti bakwai da na shafe daga muryar Baba

Ranar Lahadin da ta wuce muna gyaran ɗaka, sai ɗiyata ta fari ta sauko da tsohuwar rakodata daga kan kanta, ta kaɗe mata ƙura, ta ce: "Baba, wannan kam ba mu bai wa masu sayen tsohon ƙarfe? Duk abin da take yi ai salula na yi." Na ce ta mayar da ita inda ta ɗauko, kuma a hankali. Ban yi mata bayani ba a lokacin, don bayanin yana da tsawo, kuma akwai abin kunyata a ciki. Shi nake so in rubuta yau, domin na san ba gidanmu kaɗai ke da tsofaffin kaset a ƙasan adaka ba.

Na sayi rakodar a kasuwar Tawa cikin shekarar 2005, da ɗan abin da na tara bayan na gama makarantar horar da malamai aka tura ni wani ƙauye a yankin Buza. Irin mai mariƙin nan ce, wadda wasunmu ke ce wa manyeto: lasifika biyu hagu da dama, murfin faifan CD a ka, gidan kaset a ƙirji, eriya a baya. Manyan batura shida take ci. Ƙauyen babu wutar lantarki, don haka ban yi wata guda ba na koyi wani lissafi da ba a koya mana ba a aji. CD ya fi cin batir, kaset na bi masa, rediyo kuwa ɗan kaɗan ya ishe ta. Batirin da ya gaza juya kaset, har muryar Ɗan Gurmu ko ta Shata ta yi nauyi kamar ta mai gyangyaɗi, sai ka mayar da shi kan rediyo ya ƙara yi maka kwanaki.

A cikin ukun, wanda na fi yin alfahari da shi ranar saye shi ya riga mutuwa. CD ne ƙaramin ƙane: kamfanin Philips ya fito da kaset tun 1963, shi kuwa faifan CD sai 1982 ya shigo kasuwa. Amma wani ɗan ido ne na gilashi ke karanta shi da haske, kuma idon nan ba ya shiri da ƙurar hunturu. Hunturu biyu ya gani a ajin zana, ya soma tsallake waƙa, daga baya faifan ya riƙa juyawa ba ya cewa komai. Na goge idon da auduga ya farfaɗo na ɗan lokaci, ya sake komawa. Tun 2008 murfin nan bai ƙara yi mani aiki ba, sai dai in ajiye alli a kansa.

Rediyon ce ta zame mani abokiyar zama. Da asuba in ja eriya in lalubo BBC ko Muryar Jamus a gajeren zango, ina murɗawa sannu sannu don kada tashar ta kuɓuce. Lokacin kokowar ƙasa ta neman takobi, ƙofar ɗakina takan cika da manya da yara, kowa ya kasa kunne ga Muryar Sahel, in ɗan Tawa ya yi kaye sai ihu ya tashi kamar a filin muke. Ranar 18 ga Fabrairun 2010, a bakin wannan rediyon muka zauna har dare muna jin taken soja, kafin sanarwa ta zo cewa an kifar da gwamnatin Tanja. Duk wannan na san salula za ta iya yi yau, kamar yadda ɗiyata ta faɗa. Dalilin da ya sa nake riƙe da rakodar yana gidan kaset.

Yaran yanzu ba su san wasiƙar kaset ba. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekaru 14 yana zuwa cirani Abijan, yana sayar da garba kamar yadda ƴan Adar da yawa ke yi a can, sai rikicin 2002 ya maido shi gida gaba ɗaya. Bai yi boko ba, kuma ba ya son mai rubuta wasiƙa ya san cikinsa. Saboda haka in wani ɗan garinmu zai taho, sai ya sayi kaset, ya ari rakoda, ya shige ɗaki ya yi magana. Kaset ɗin yakan iso tare da kuɗi da ɗan ƙunshin goro. Bayan sallar isha'i a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, a aro rakodar mai tebur, kowa ya yi tsit.

Maganar tasa tana da tsari da ba ya sauyawa. Sallama, sai gaisuwa ga kakarmu, sai yayansa, sai liman, sai maƙwabta gida gida. Daga nan rabon kuɗi: jika kaza na hatsi, kaza na haraji, kaza a biya wane bashinsa. Inna ba ta zama cikin mutane, tana daga bayan zana tana tankaɗe, kamar ba ita ake yi wa ba, alhali babu kalmar da ke wuce ta. Ni kuma da yake ɗan fari ne ba ya kama sunana, "ɗan lakwal" yake ce mani. In an gama saurare, sai a mayar da kaset ɗin farko, a ɗauki amsa a kansa, a ba mai komawa. Shi ya sa wasiƙun nan ba su taru ba: kowace amsa tana cinye wasiƙar da ta zo.

Guda ɗaya ta tsira, ta 1994. A shekarar ne darajar sefa ta karye, kuma a cikinta na ci jarrabawar sartifika zan tafi kwalej. Ban san abin da ya sa Inna ta hana a ɗauki amsa a kan wannan ba. Ta dai naɗe shi a tsumma ta sa cikin kwallarta. Bayan rasuwar Baba a 2004 ta miƙo mani, ta ce: "Kai ke da maganarka a ciki." Gaskiya ne. Kusa da ƙarshen fuskar farko, bayan ya gama kukan tsadar kaya, sai ya yi gyaran murya ya ce, "To, ɗan lakwal," ya yi mani magana ni kaɗai har wajen minti 10. A iya sanina bai taɓa yi mani doguwar magana irin wannan ido da ido ba.

A wancan lokacin na ɗauko wata dabara a aji. Yaro yana iya karanta Faransanci yana cinye ƙarshen kalma, ko ya wuce aya bai tsaya ba, ka gyara masa sau goma bai ji ba, don a kunnensa daidai yake yi. Amma in ka ɗauki muryarsa ka sako masa, da kansa zai ce, "Mushe, a nan ban tsaya ba." Na ware kaset guda don wannan aikin, kowace Alhamis yara biyu ko uku su karanta, mu saurara tare, mako mai zuwa mu ɗauka a kan na baya. Dabarar ta yi amfani ƙwarai, har yau ina ba sababbin malamai shawarar su gwada ta, ko da salula ce.

Wata Laraba da dare cikin 2011, kewar Baba ta taso mani, na sa kaset ɗinsa. Na kai daidai inda zai fara maganata sai aka yi sallama, baƙi ne, na danna tsayawa na fita. Da safe na makara, na suri rakodar na nufi ajin CM1, a zuwan kaset ɗin yara ne a ciki. Kamanninsu ɗaya, dukansu masu minti 60, kuma ko ɗaya ban rubuta wa suna ba. Na kira wata yarinya, na danna jan maɓalli. Ta karanta, wani yaro ya karɓa ya ƙarasa. Na mayar baya don mu ji, hannuna ya ɗan zarce, na saki. Sai muryar mahaifina ta cika ajin: "To, ɗan lakwal, ina taya ka..." Aka ji ƙas. Sai muryar yarinyar tana karanta labarin wani manomi da jakinsa.

Yara suka fashe da dariya, wani ya ce, "Mushe, wane ne wannan tsohon?" Ban iya ba shi amsa ba. Na ce su buɗe littafi su kwafi darasin, na fita bayan aji na tsaya.

Ranar kasuwa na kai wa wani mai gyaran rediyo, ina fatan ko akwai dabara. Ya buɗe gidan kaset ya nuna mani kawuna biyu. Ya ce in ka danna jan maɓalli, zaren yana fara bi ta kan na farko, wanda aikinsa shafewa ne, kafin ya isa ga na biyu mai rubuta sabuwar murya. Abin da ya bi ta kan na farko ya tafi ke nan. Sannan ya juya kaset ɗin ya nuna mani wasu ƴan kunnuwa biyu na roba a gefensa na sama. Ya ce, "Malam, da ka karya wannan da tsinke, ko da ƙarfi ka danna jan maɓallin ba zai shiga ba." Kowace fuska da kunnenta: in fuskar tana kallonka, bakin zaren yana ƙasa, na sama ta hagu shi ne nata. Shekara shida ina aiki da rakoda, ina koya wa ƴaƴan mutane, ban san amfanin ƴan kunnuwan nan ba. Da na sani ƙeya ce.

Minti 7 suka tafi, uku na ƙarshe suka rage, inda yake yi mani addu'a yana sallama. Na sha jin kaset ɗin kafin ranar, don haka na ɗauka na haddace abin da ke ciki. Da na zauna in rubuta, sai na tarar abu biyu kawai na riƙe sosai: ya taya ni murna, kuma ya ce kada boko ya sa in raina wanda ke riƙe da hauya, don hauyar ce ta kai ni inda nake. Na tabbata akwai na uku, wanda ya fi daɗewa a kansa. Inna ta ce maganar salla ce. Gwaggona ta ce a'a, cewa ya yi in kula da ƙannena in ba ya nan. Mai yiwuwa duka biyun ya faɗa. Ni da aka yi wa maganar na dogara da cewa tana nan a ajiye, sai ban riƙe ta da kyau ba.

Bara rakodar ta daina juya kaset. Igiyar robar da ke cikinta ce ta narke don tsufa da zafi. Sai da na zagaya masu gyara uku a Tawa kafin in samu dattijon da ya ciro mani wata daga cikin matacciyar rakoda, ya kuma gaya mani cewa yaransa duk gyaran salula suka koya. A ranar na gane cewa ko kaset ya yi rai, abin sauraronsa na gab da ƙarewa. Da dare, bayan gari ya yi shiru, na ajiye salula a gaban lasifika na kwashe duk abin da ya rage, fuska biyu. Daga baya wani abokin aiki ya haɗa mani waya daga ramin abin sa wa a kunne zuwa kwamfutarsa, muka samu wanda ya fi fita tas. Na tura wa ƙannena a Yamai da Agadas da Abijan, kowa ya ajiye nasa.

Ban yarda in bar wa salula ita kaɗai ba, kuma ina da dalili. An sace wayar ƙanena a tasha, ta tafi da duk saƙonnin murya da kawunmu ya yi ta turo masa kafin ya rasu. Kaset ɗin Baba kuwa ya haura shekara 30, ya sha zafin kwalla da na ɗakin kwano, har yanzu yana magana. Abin da ya same shi ma hannuna ne ya jawo.

Don haka, ɗan'uwa mai karatu, in akwai tsohon kaset a gidanku, na wasiƙa ne, ko na wa'azin wani malamin garinku da ya riga mu gidan gaskiya, ko na kiɗan bikin iyayenka, ga abin da na koya da tsada. Kafin komai karya ƴan kunnuwan nan, ka rubuta suna da shekara a jikinsa. Kada ka fara sa shi cikin rakodar da ta daɗe a ajiye. Gwada ta da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, don tsohuwar rakoda tana tauna zare. Goge kawunan da ƴar tayar robar da ke jan zaren da auduga da ɗan alkol na asibiti, ka bari su bushe. In zaren ya saki, sa bik a ramin ka ɗaure shi a hankali. Ka nisanta kaset da rana da bayan lasifika, saboda maganaɗisun da ke ciki yana raunana murya. In za ka ajiye rakodar, cire batura, don in sun zubar da ruwa suna cinye ƙarfen. Sannan ka kwafe, ka raba wa dangi, kada ka ce sai an yi hutu.

Daren Lahadin nan, bayan isha'i, na sa ɗiyata ta sake sauko da rakodar. Na shimfiɗa tabarma, na kira uwarta da ƙannenta. Ba ta taɓa ganin kakanta ba, an haife ta bayan rasuwarsa. Ta ji shi yana gaida mutanen da yawancinsu yanzu ba su da rai, tana dariyar yadda yake jan gaisuwa. Da muka iso wurin, muryar yarinyar ta shigo, sai ta dube ni ta ce, "Baba, wace ce wannan kuma?" Na gaya mata duka, har da abin da na yi. Yarinyar yanzu matar aure ce da ƴaƴanta, ba ta san muryarta tana tsakiyar wasiƙar mahaifina ba. Muka saurari labarin manomi da jakinsa har ƙarshe, Baba ya dawo ya yi addu'arsa, muka shafa tare.

Allah ya jiƙan iyayenmu, ya sa mu riƙe abin da suka bar mana.